Motar da ta kwana a waje: su wa ke yi mata ɓarna, kuma wa ke biya?

Da an sallame sallar Asuba a unguwanni da yawa na Kano, tun masu ƙosai ba su gama hura wuta ba, akwai abin da masu motoci suka saba yi ba tare da kowa ya koya musu ba. Mutum ba zai shige gida kai tsaye ba. Sai ya kunna fitilar wayarsa ya zagaye motar da ta kwana a ƙofar gida, ya duba madubin dama da na hagu, ya taɓa tayoyi da ƙafa, ya tabbatar bonet na nan a rufe yadda ya bar shi.

Wata rana ya tarar da komai lafiya, ya yi hamdala. Wata rana kuwa wayoyi ne kawai ke reto a gurbin da madubi yake jiya. Ko ya ga ɓaraguzan gilashi a ƙasa. Ko ya ga dogon zane na ƙusa tun daga ƙofar direba har bayan but.

Maƙwabta za su taru a yi jaje. Wannan ya ce Allah ya mayar da alheri, wancan ya ce Allah ya kiyaye gaba. Kafin hantsi kowa ya kama gabansa, an bar mai mota da waya a kunne yana tambayar bakanike nawa ake sayar da madubi yanzu.

Haka abin yake a Tudun Wadar Kaduna, haka yake a Kubwa da Mararaba, haka yake a Zariya da Gusau. Yawancin irin wannan ɓarna ba ta zuwa caji ofis, don mai ita ya riga ya yanke wa kansa cewa babu abin da zai dawo. Shi ya sa ta yi yawa amma ba a jin ɗuriyarta sai a majalisa da garejin makanikai.

Hassada ce?

Abin da ya fara zuwa bakin wanda aka yi wa shi ne hassada. Ya sayi mota, wani ya gani ya ji zafi. Ba a musun wannan, akwai masu irin wannan zuciya, kuma zanen ƙusa a jikin sabon fenti ya fi kama da aikinsu, tunda ba ya amfanar wanda ya yi da ko sisi.

Amma wanda ya tsaya a kan hassada kaɗai ya bar mafi yawan labarin a baya, kuma ya jawo wa kansa wata cutar: zai fara kallon kowane maƙwabci da zargi, har wanda ya fi kowa yi masa jaje.

A 1973 wani masanin zamantakewa mai suna Stanley Cohen, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi koyarwa a Ingila, ya kasa ɓarnar dukiya gida shida. Akwai wadda ake yi don a samu abin sayarwa, da ta ramuwar gayya, da ta wasan yara, da ta tsabar mugunta, da wadda ake yi a matsayin dabara don cimma wata buƙata, da ta nuna adawa da hukuma ko wata aƙida. Duk wanda ya taɓa zama a garejin fanal-bita na yini guda zai ga kusan dukkansu sun shigo da ƙafarsu. Sai dai a garuruwanmu ba su zo daidai ba. Ta farko ta rinjayi sauran da nisa.

Kasuwar da ba ta tambaya

Daga tsakiyar 2023, lokacin da aka janye tallafin fetur aka kuma saki naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024. Kusan duk wani kayan gyaran mota daga waje yake zuwa, ko sabo daga Sin da Dubai, ko tsoho wanda ake kira na Beljiyam. Farashinsa ya bi dala sau da ƙafa.

Abin da a da ba ya isa a ɓata dare a kansa, yanzu ya zama dukiya. Sabon batir mai kyau na iya lashe mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 gaba ɗaya. Madubin gefe na motocin zamani, mai fitila da na'urar naɗe kansa, ya fi tsohon madubi tsada ninki ba ninki. Fitilar gaba, danja, tambarin kamfani da ke goshin mota, murfin taya, har da fetur ɗin cikin tanki, wanda litarsa ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 1,000 cikin shekara ɗaya da rabi, kowanne yana da mai saye.

Abubuwa biyu sun fi tayar wa masu motoci hankali. Na farko shi ne akwatin kwamfutar da ke sarrafa inji, wanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. In aka cire shi mota ba ta ko tari, kuma ba kowane ake ɗaurawa ya yi aiki ba, sai an samo wanda ya dace da samfurin motar, sau da yawa an sake daidaita shi da makulli.

Na biyu shi ne abin da ake kira indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Cikinta akwai wasu ƙarafa masu tsadar gaske, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ake tacewa a sayar a ƙasashen waje. Ana yanke ta cikin 'yan mintoci a ƙarƙashin mota, musamman mai tudu da mutum zai iya shiga ƙasanta ba tare da jak ba. Mai mota ba zai sani ba sai ya tayar da safe ya ji ƙara ta cika layi. Mafi muni, akwai ɓata-garin makanikai da ke kwashe cikinta a gareji su mayar da ɓawon, mai mota ya yi ta mamakin yadda motarsa ta koma shan mai da warin hayaƙi.

Wanda ya ɓalle madubi da ƙarfe biyu na dare ba motar da zai ɗaura wa gare shi ba. Ya san inda zai kai shi kafin azahar, kuma ya san ba za a tambaye shi daga ina ba. Nan ne gizo ke saƙa.

'Yan kasuwar kayan mota a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a saurare ta. Mafi yawan kayansu daga kwantena suke fitowa, ko daga motocin da suka yi haɗari aka saya aka wargaza. Suna cewa madubi ba ya zuwa da takardar haihuwa, kuma ba su da yadda za su bambance na sata da na halal da ido. Gaskiya ne har wani wuri. Amma ɗan kasuwar da yaro ya kawo wa madubi ɗaya tilo a leda, da wayoyinsa a tsinke, ya kuma sallama a rabin kuɗi, ya san abin da yake saya.

Su ma masu motocin ba su fita ba. Mutum ne za a sace masa madubi da daddare, gari na wayewa ya aiki yaron gareji ya samo masa mai sauƙi, na hannu, kada ya wuce kaza. Ba ya son sanin inda za a samo. Da kuɗinsa ake biyan wanda zai je ƙofar gidan wani gobe.

A Janairun 2025, bayan yawaitar sace murafan magudanan ruwa a manyan titunan Abuja, hukumar birnin ta hana 'yan jari bola yawo cikin gari, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu don a tantance masu sana'ar. Matakin ya nuna hukuma ta gane cewa wurin mai saye ya kamata a duba. Sai dai ya haɗa da dubban matasa da ke cin halal ɗinsu da tsintar gwangwani da roba, waɗanda ke kukan cewa laifin kaɗan ya shafa musu baƙin jini.

Rigimar ƙofar gida

Bayan sata, abin da ya fi jawo wa mota ɓarna shi ne wurin da aka ajiye ta.

Tsofaffin unguwanninmu ba da mota aka tsara su ba. Lungunan cikin birnin Kano, Zariya da Katsina an yi su ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki. Sababbin unguwannin awon igiya ma ba su fi ba: an yanka filaye ƙanana, an gina su har bakin iyaka, kuma inda ya kamata a bar gareji an fitar da shaguna biyu na haya. Gidan da ke da 'yan haya shida yana iya samun motoci huɗu, ƙofarsa kuwa ta ɗaya ce.

Daga nan ake fara 'yar tsama. Wani ya tare ƙofar garejin maƙwabcinsa ya tafi kasuwa da makulli. Wani ya rufe gaban shagon mai tireda tun safe har magariba. Ranar Juma'a, ko ranar ɗaurin aure, baƙi su cika layi da motoci, mai gida ya rasa ta inda zai fitar da mara lafiya. An yi magana sau ɗaya, sau biyu, ba a ji ba. A na uku ba a magana, sai dai mai mota ya dawo ya tarar an sace masa iskar taya huɗu.

Sace iska ta zama kamar hukuncin da kowa ya yarda da shi, har masu gadin bankuna da ma'aikatu na rubuta gargaɗinta a bango. Wanda aka tare wa hanya yana da gaskiyar jin haushi, kuma mai ajiye mota inda ya ga dama yana da alhaki. Amma daga sace iska zuwa huda taya da wuƙa taku ɗaya ne, kuma wanda ya huda ya bar sahun mai neman haƙƙi ya shiga na mai laifi.

Akwai kuma ramuwar da ba ta da alaƙa da wurin ajiya: bashi da ya ƙi biyuwa, yaron shago da aka kora, takarar neman aure, rikicin gado. Mota ce kaɗai dukiyar mutum da ke kwana a waje ba mai tsaronta, kuma kowa ya san yadda mai ita ke ji da ita.

Daga ƙwallon yara zuwa ranar tarzoma

Ba kowace ɓarna ce ke da mugun nufi ba. Yara na buga ƙwallo a layi don filin unguwa ya zama filoti. Ƙaramin yaro zai ɗauki dutse ya rubuta sunansa a jikin ƙofar mota, ba tare da ya san ya yi asarar kuɗin makarantarsa na zango ba. Mai adaidaita sahu zai goge bamba ya wuce, mai kura zai tsaga danja.

Wadda ta fi tsoratarwa ita ce ɓarnar gungu. In faɗan daba ya ɓarke, ko tawagar siyasa ta ratsa unguwa da 'yan jagaliya a bayanta, motocin bakin hanya ne ke fara ɗanɗana gora da adda. A ranar 1 ga Agustan 2024, ranar farko ta zanga-zangar tsadar rayuwa, an farfasa motoci tare da ƙona wasu a harabar Babbar Kotun Jihar Kano. A irin wannan rana mota na zama alamar masu hali a idon wanda yunwa da fushi suka rufe wa ido, ko da kuwa ta ƙaramin ma'aikaci ce da ya yi shekaru yana adashi kafin ya saya.

Wani gwaji da Philip Zimbardo, malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi a 1969 ya cancanci a tuna shi a nan. Ya ajiye tsohuwar mota ba lamba, bonet a buɗe, a unguwar Bronx ta birnin Niyok, ya ajiye wata irinta a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya. Ta Bronx ba ta yi minti goma ba aka fara kwasar ganima. Waɗanda suka fara kuwa miji ne da mata da ɗansu, suka cire lagireto da batir. Cikin kwana ɗaya babu abin kirki da ya rage. Ta Palo Alto ta fi mako ba wanda ya taɓa ta, sai da Zimbardo da kansa ya sa guduma ya fara dukanta, sannan masu wucewa suka taya shi.

Abin lura shi ne yawancin masu kwasar manya ne masu tsaftar tufafi. Abin da ya ba su ƙarfin hali shi ne ganin alamar cewa motar ba ta da mai ita, kuma ba mai cewa kul. Hausawa sun riga shi faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Motar da aka jingine wata uku a bakin layi, taya a sace, ƙura ta rufe ta, tana kiran ɓarna ga kanta, kuma tana koya wa yaran layin cewa taɓa mota ba komai ba ne.

In ta riga ta faru

Abu na farko shi ne hoto. Kafin a share gilashi ko a matsar da motar, a ɗauki ɓarnar ta kusa da ta nesa, yadda lambar mota da wurin za su fito. A tambayi mai gadi, mai shayi da ke kaiwa dare, da duk shagon da ke da kyamara, tun a ranar, don yawancin na'urorin nan na goge abin da suka ɗauka bayan 'yan kwanaki.

In lambar mota aka cire, ko aka ɗauke takardu daga ciki, kai rahoto ga 'yan sanda wajibi ne, ba don a dawo da su ba, sai don lambar na iya bayyana gobe a jikin motar 'yan fashi. Takardar rahoton ce za ta wanke mai ita, kuma da ita ake neman wata lambar.

Zanen ƙusa ba iri ɗaya ba ne. Fentin mota hawa-hawa yake: akwai sheƙin sama, sai launi, sai shimfiɗar farko, sannan ƙarfe. In farce ya bi ta kan zanen bai maƙale ba, goge shi da man folish kan wadatar. In ƙarfe ya bayyana, to jinkiri asara ne, musamman da damina, don tsatsa za ta shiga ƙarƙashin fenti ta ci gaba da ci. Mai fenti na kirki zai nemi lambar launin motar, wadda yawanci ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, ya fesa ɓangaren gaba ɗaya. Wanda zai haɗa launi da ido ya shafa a kan zanen kaɗai, zai bar mota da tabo.

Tayar da aka huda a gefe ba ta faci, ko me mai faci zai ce. Gefen taya ne ke lanƙwasa a kowane juyi, kuma facinsa na iya fashewa a kan hanyar Kaduna ana gudu. Wanda kuma ya tarar an ɓalle murfin tankinsa, yana zargin an zuba yashi ko ruwa, kada ya tayar da injin. A jawo motar zuwa gareji a sauke tankin a wanke. Kuɗin janwe bai kai na famfon mai da nozul ba.

Inshorar da ba ta biyan mai ita

Nan ne da yawa ke shan mamaki. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken takardarta a hanya. Amma wannan inshora ta wanda ka yi wa ɓarna ce, tana biyan sa har naira miliyan 3 a kan dukiyarsa. Ba ta biyan ko madubi ɗaya na motarka.

Wadda ke ɗaukar nauyin sata da ɓarna ita ce cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Mai motar miliyan 10 ke nan zai biya aƙalla 500,000 a shekara. Ko ita ma sai an karanta da kyau: akwai kason farko na kowace asara da mai mota ke ɗauka da kansa, kuma ɓarnar tarzoma da zanga-zanga sau da yawa ba ta ciki sai an ƙara kuɗi an sa ta. Kamfani zai nemi rahoton 'yan sanda da hotuna, kuma zai so a sanar da shi kafin a taɓa gyara.

Mutanen Arewa da yawa na gudun inshora saboda shubuhar riba da caca. Tun wajen 2016 akwai kamfanonin takaful masu lasisi a Najeriya, irin su Noor da Jaiz, da ke aiki bisa tsarin taimakekeniya ƙarƙashin sa idon malamai. Har yanzu dai kaɗan ne masu motocin da suka san da su, kuma masu tallar ba su cika zuwa tasha da gareji, inda masu buƙatar suke, ba.

Kotu, mai unguwa da taron dangi

A ƙarƙashin kundin Final Kod da Arewa ta gada tun 1960, ɓarnata dukiyar wani da gangan laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyu ko tara, sata kuwa har shekara biyar. Karɓar kayan da aka san na sata ne shi ma laifi ne mai zaman kansa. A fiƙihun Malikiyya kuma wanda ya lalata kayan wani zai biya, da gangan ya yi ko bisa kuskure, kuma ƙuruciya ba ta kayar da wannan lamuni.

A aikace yawancin maganganun a zauren mai unguwa suke ƙarewa, kuma in yaron maƙwabci ne ya yi, can ɗin ya fi. Matsalar ita ce sulhunmu ya cika karkata ga ba da haƙuri kawai. A tara dattawa, a ce a bar wa Allah, mai mota ya ji kunyar cewa a biya shi, uban yaro ya tafi bai cire ko kwabo ba. Yafiya alheri ce, amma ta mai haƙƙi ce, shi zai bayar don kansa bayan an tsayar da abin da ya kamata a biya. Sulhun da ba ya ambaton kuɗin gyara yana koya wa yaro cewa ɓarna ba ta da farashi.

Ɗaya gefen kuma ya fi muni. An sha kama wanda ake zargi da cire batir a yi masa taron dangi har ya rasa ransa, wani lokaci ma ba shi ne ya yi ba. Babu batir ɗin da ya kai ran mutum, kuma waɗanda suka yi dukan sun ɗauki laifin da ya fi sata nauyi, a wurin hukuma da wurin Allah.

Abin da ke ɗan rage ta

Masu motoci sun ƙirƙiro dabarunsu. Ana zana lambar mota a jikin madubi, gilashi da fitilu, don su yi wuyar sayarwa. Ana ɗaure madubi da tambari da ƙusar ribit, a yi wa batir kejin ƙarfe da kwaɗo, mai walda ya gitta rodi a ƙarƙashin indomi. Wasu na kai motarsu ta kwana a gidan mai ko harabar makaranta, su riƙa ba mai gadi wani abu a wata. Layukan da suka haɗa kuɗi suka sa fitilar sola da ƙofar ƙarfe, suka kuma ɗauki 'yan sintiri, sun fi samun barci.

Duk waɗannan na kare motar wanda ya yi ne, ɓarawon ya matsa layi na gaba. Abin da zai taɓa sana'ar kanta yana hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan mota da na makanikai, waɗanda ke da shugabanni, da katin shaida, da ikon rufe shagon ɗan ƙungiyar da ya saɓa. Za su iya wajabta wa kowane shago littafin da za a rubuta sunan wanda ya kawo kayan hannu, da lambar wayarsa da ta katin ɗan ƙasa, su kuma haramta sayen duk madubi ko fitilar da ke ɗauke da lambar wata mota, ko wadda aka kankare lambarta. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna kuma suna da hurumin ƙin amincewa da zanen gidan haya ko rukunin shagunan da bai ware wurin ajiye motoci ba.